Moton Kawu da Ƙiryar Kaka

An ce zarto ba zai taɓa yanka katako da wutar lantarki a Makarfi ba. Masu faɗin haka dattawa ne masu hankali, kuma suna da hujja, domin a wancan lokaci babu turken waya ko ɗaya a garin, wutar da muka sani ita ce ta murhu da ta fitila. An ce kuma ƙarfen da Turawa suka gama cin amfaninsa suka yar ba zai tashi a hannun ɗan manomin rake ba. Akwai magana ta uku da ake yi ƙasa-ƙasa don kada ta shiga kunnen Kaka, wato 'ya'yanta biyu maza ba za su sake sa hannu a kwano ɗaya ba har ƙasa ta rufe idon ɗayansu. Duk na ji waɗannan da kunnena ina saurayi, Allah kuma ya ja kwanana har na ga ƙarshen kowacce.

Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya riga mu gidan gaskiya a makon jiya, bayan tsawon rai mai albarka. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Na zauna a zauren gidansa ina karɓar gaisuwa, kasancewar yanzu ni ne babba a dangi, na kuma saurari abin da masu ta'aziyya ke faɗi. Wani dattijo daga Paki ya ce a kan bencin da Kawu ya yi ya koyi karatun boko, kuma da ya kai jikansa makarantar ya tarar da bencin yana nan, sai dai gefensa ya yi santsi. Wata tsohuwa daga Likoro ta aiko daga cikin gida cewa ranar da mijinta ya rasu, itatuwan kabari sun iso kafin ta tuna ana bukatarsu, ba a kuma karɓi komai a hannunta ba. Wasu samarin kafintoci daga Ikara, bayan sun shafa fatiha, suka yi ta kallon juna, can ɗayansu ya yi ƙarfin hali ya roƙi a buɗe musu rumfa su ga moton, injin da ke juya zartonsa. Kusan duk wanda ya zauna sai ya ce marigayi shi ne ya fara kawo zarton lantarki ƙasarmu.

Bayan an watse, babban jikansa ya durƙusa gabana ya ce sun yi shawara ba za su sayar da injin ba, suna so su sa a buga ɗan allon tagulla a manna a jikinsa, da kwanan watan da ya fara aiki. Ya ce tunda ni na yi shugabancin makaranta har na yi ritaya, kuma ina wurin a ranar, ni zan faɗa musu abin da za a rubuta. Na ce ya ba ni lokaci. Wannan rubutu shi ne amsata.

Kawu kafinta ne tun ƙuruciyarsa. Ya koyi sana'ar a Zariya, ya dawo gida yana yin ƙofofi da akwatuna da allunan karatu da zarton hannu. Yayansa, wanda muke kira Kawu Babba, manomi ne mai kwarjini, mutum mai magana ɗaya, wanda ba a taɓa ganin ya yi gudu ba ko da ruwa ya tsuge. Mahaifinsu ya bar musu fadamar rake, kuma shekara da shekaru suna nomanta tare ba su raba ba. Da aka samu mulkin kai, aka shiga gina azuzuwa a ƙauyuka, ana neman bencina da teburori fiye da abin da hannu zai iya yankawa. A lokacin Kawu ya ji labarin wata ma'aikatar katako da aka rufe a Zariya, ana gwanjon kayanta. Ya je ya ga teburin zarto, da injin lantarkin da ke juya shi, wanda makanikai ke kira moto, da wani tsohon janareta. Ya dawo ya ce a raba fadama, zai sayar da rabonsa.

Ban ji abin da suka faɗa wa juna ba, amma mahaifiyata ta ji. Ta ce Kawu Babba ya yi ta lallashi, ya ce ƙasar da ubansu ya zuba guminsa a kai ba abin musanya da ƙarfe ba ce. Da ya ga ƙanin ya kafe, sai ya kawo hujjar da har yau ban ga wanda ya rushe ta ba. Ya ce in dai sai an kunna injin mai kafin a samu wuta, wutar kuma ta juya moto, moto ya juya zarto, me zai hana a ɗaura bel daga injin man zuwa zarton kai tsaye, kamar yadda masu injin niƙa ke yi? Kawu ya ce ai ƙasa ta zama tamu, waya tana nan tafe, yana so ta iso ta same shi a shirye. Aka raba fadamar, wani baƙo ya sayi rabin. Ranar da baƙon ya kafa iyaka, Kawu Babba ya tsaya a ƙofar gida a gaban mutane ya rantse da Allah ƙafarsa ba za ta taka rumfar wannan ƙarfe ba. Daga ranar ya daina amsa gaisuwar ƙaninsa da abin da ya wuce ɗaga hannu, aka kuma raba kwanon tuwon da suke ci tare tun suna yara.

Ni a lokacin ina koyarwa a Kudan, ina zuwa gida duk ƙarshen mako a keke. Ranar da aka sauke kayan daga babbar mota, Kawu ya kira ni ya goge wani ɗan allon tagulla da ke jikin moton da gefen rigarsa, ya ce in karanta masa. Na karanta sunan kamfanin da ya ƙera shi, da sunan garinsu a can ƙasar Turai, da jerin lambobi, da inda aka ce ƙarfinsa na doki biyar ne. Wani mai matsar rake da ke tsaye ya ce shi da doki ɗaya yake yin mazarƙwaila, kuma dokinsa in ya tsufa ba a sayar da gona a saye shi. Aka yi dariya, Kawu ma ya yi. Sai ya sa na maimaita sunan garin har ya zauna a bakinsa, ya tambaye ni ko mutanen wurin suna da yawa, ko suna da kogi, me suke ci. Na faɗa masa ɗan abin da na karanta a kwaleji, wanda bai taka kara ya karya ba, amma ya saurara kamar ina ba shi labarin surukai.

Ranar gwaji, rabin gari ya taru a bakin rumfar. Kawu Babba bai zo ba, amma ya shimfiɗa buzunsa a gindin dalbejiyar da ke tsallaken hanya, wai yana shan iska. Janareta ya yi tari ya kama. Kawu ya yi bisimilla ya ɗaga makunni, moton ya ɗauki wani kuka siriri mai daɗin ji, zarto ya zama kamar farin faranti. Ya tura katakon maɗaci. Maimakon yanka sai ƙauri ya tashi, hayaƙi ya turnuƙe, katakon ya yi baƙi bai tsage ba. Ashe zarton da baya yake juyawa, bayan haƙoransa ke gugar itacen. Wani ya ce abin da ya fara da hagu ba ya albarka. Daga tsallaken hanya Kawu Babba ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, ga alama ƙarfen so yake ya koma inda ya fito. Maganar ta zaga gari kafin la'asar.

Kawu ya kashe injin ya zauna a kan wani kututture yana kallonsa. Washegari ya cire bel ɗin ya murɗe shi sau ɗaya, ya mayar da shi a harɗe, yadda in moto ya juya hagu zarto zai juya dama. Ya kunna, babu 'yan kallo sai ni da awaki, maɗacin ya rabe gida biyu kamar ana tsaga rake. Daga baya wani makanike a Zariya ya gaya masa cewa da ya sauya wa wayoyi biyu mazauni da abin ya gyaru. Ya dawo ya buɗe murfin moton don ya gani da idonsa, ya gani, ya mayar da murfin, ya bar bel ɗinsa a harɗe har ƙarshen rayuwarsa. Ya ce shi da moton sun riga sun sasanta a kan haka.

A wannan buɗewar ce ya ga abin da ya riƙa nuna wa baƙi har ya tsufa. A cikin moton, a kan naɗin wayar tagulla, akwai wani baƙin shafi mai ƙyalli kamar ƙaro, kuma a jikin shafin akwai sawun babban yatsan mutum, zanensa ya fito sarai. Wanda ya naɗa wayar ya dafa wurin kafin ya bushe. Kawu ya ce sunan masu gida yana waje a kan tagulla, sunan mai aiki yana ciki. Tun daga ranar yake kiransa Mai Yatsa. In moton ya yi zafi sai ya ce Mai Yatsa ya gaji, a ba shi hutu. In ya zuba mai a 'yan kofunan da ke kan boris, inda sandar moton ke juyawa, sai ya ce Mai Yatsa ya san wata rana wani zai zo bayansa, shi ya sa ya bar wurin da hannu zai shiga.

Da tafiya ta yi tafiya ya sayi wasu tsofaffin motoci na lantarki, ɗaya don injin goge katako, ɗaya don na huda, kowanne daga gidan ƙira daban. Bai iya karanta allunansu ba, amma ya san halin kowane gida. Yakan ce waɗannan masu fentin toka ba sa rowar waya, nauyin kayansu kaɗai ya isa shaida. Waɗancan masu koren fenti gaggawa gare su, kayansu na da kyan gani amma suna ɓoye kusoshi inda sai ka yi rantsuwa kafin ka kai gare su. Yana bambanta su da kuka ko yana bayan gida. Abu ɗaya ne ba ya yafewa, wato a cire allon tagulla daga jikin inji. Ya taɓa korar wani mai koyon aiki na mako guda saboda ya ɓamɓare ɗaya zai yi wa kekensa ado. Shekaru bayan haka na gaya masa na ji an ce kamfanin da ya ƙera moton farko ya daɗe da rufewa, wani ya haɗiye shi har sunan ya ɓace. Ya ce to ashe mu ne danginsu da suka rage, ya ɗauko toka da lemun tsami ya goge allon har ya yi ƙyalli.

Amma na wuce gaba, bari in koma. Aiki ya kankama, bencina suna fita zuwa Paki da Saulawa da Likoro a kan amalanke, mutanen da suka yi dariya suka fara zuwa da katakonsu. Kawu Babba kuwa bai motsa ba. In zai je gona sai ya zaga ta bayan masallaci don kada ya bi ta ƙofar rumfar. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. Matansu na gaisawa a ɓoye a bakin rijiya. Kawu, wanda kowa ya sani da barkwanci, yakan kashe injin da azahar ya zauna da kwanonsa shi kaɗai, na kuma lura kullum daga gefe ɗaya yake ci, ya bar ɗaya gefen kamar yadda ya saba.

Kaka ta tsufa sosai a lokacin, amma hankalinta garau. Kawu Babba ɗan farinta ne, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye saboda kunya, sai dai ta ce wancan, ta aika mahaifiyata. Wannan ya sa ba ta iya kiransa ta yi masa faɗa ba, kamar yadda wata uwa za ta yi. Da watan Sha'aban ya kama, ta sa aka kira mahaifiyata da Kawu, ni ma ina zaune. Ta ce tana jin jikinta, tana so a tanadi itatuwan kabarinta tun tana gani. A wurinmu, in an sa mamaci a kabari, ana jera itatuwa a rufe shi da su kafin a zuba ƙasa, kuma an fi son ƙirya saboda gara ba ta cinta da wuri. Ta ce akwai ƙiryar da ke bakin fadama, a ɓangaren wancan, wadda take ajiye wa mahaifinsu abinci a gindinta. Ita take so, kuma a zarton Auta, wato Kawu, za a tsaga ta.

Kawu ya ce wannan mai sauƙi ne, a kawo gungumen kawai. Sai ta tambaye shi mutum nawa ke tsaga dogon gungume a wannan teburin nasa. Ya ce biyu, ɗaya yana turawa ta gaba, ɗaya yana karɓa ta baya, in babu mai karɓa itacen zai matse zarto ya dawo da ƙarfi ya ji wa mai turawa ciwo. Ashe ta riga ta tambayi masu wucewa ta sani. Ta juya ga mahaifiyata ta ce:

"Ki gaya wa wancan, ban yarda hannun kowa ya taɓa itacen nan ba sai hannun da na haifa. Kuma ina so in ga katakon kafin a ga watan azumi."

Mahaifiyata ta isar da saƙon. Ta ce Kawu Babba ya ce ai ya yi rantsuwa. Ta ce masa ita ba malama ba ce, amma ta san akwai malamai a garin. Daga nan ta taso. Kwanaki suka shuɗe ba mu ji komai ba, watan yana ta tafiya, Kaka ta rage cin abinci, kowa a gidan yana tafiya a hankali. Kawu ya sauya wa zarton haƙora, ya wasa, ya sake wasawa, ya ƙi karɓar sabon aiki.

Wata safiya aka ga 'ya'yan Kawu Babba suna fita da ƙoƙunan dawa a ka, suna shiga gidajen mabukata, gida goma. Ba lokacin zakka ba ne, ba a yi haihuwa ba, ba a yi rasuwa ba. Babu wanda ya tambaya, domin kowa ya san kaffarar rantsuwa in ya gan ta. Da hantsi aka ji sarar gatari daga wajen fadama.

Washegari ya iso da gungumen a kan amalanke, yana tafe a gaban shanu da rawaninsa na zuwa Juma'a. Ya tsaya a bakin rumfar ya yi sallama. Kawu ya amsa, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi, ya tambayi gajiya da iyali da gona, Kawu Babba ya amsa kowacce ɗaya bayan ɗaya, abin da bai yi ba tun ranar iyaka. Sa'an nan ya cire takalmansa kamar mai shiga ɗakin surukai, ya sa ƙafar dama. Ya dubi moton, ya dubi bel ɗin da ke harɗe, ya ce:

"Auta, har yanzu abin naka bai san dama da hagu ba?"

"Ya sani, Yaya. Taurin kai ne da shi, gadon gida ne."

Kawu Babba ya yi kamar bai ji ba, amma na ga gemunsa ya motsa. Ya tambayi inda zai tsaya. Kawu ya kai shi bayan teburin, ya nuna masa yadda zai riƙe, ya ce kada ya ja, ya karɓa kawai, ya bar itacen ya zo da kansa. Aka kunna. Ƙirya itace ce mai tauri, moton ya sauke murya yana nishi, Kawu yana turawa a hankali yana kallon fuskar yayansa, yayan yana kallon bakin zarto, garin katako yana sauka a kan rawanin. Da katakon farko ya fita, Kawu Babba ya ɗaga shi ya shafa fuskarsa da tafin hannu ya sansana. Suka ci gaba har suka gama gungumen. Da azahar aka kawo tuwo daga gidan Kaka, a kwano ɗaya, ba tare da wani saƙo ba.

Kaka ta duba katakan ta ce sun yi, a jingine su a zaure, ta kuma nemi a dama mata fura. Ta rayu shekaru masu yawa bayan haka. Ba a daɗe ba wani maƙwabci ya rasu babu tanadi, ta ce a ba su nata, wancan da Auta sa yanka wasu. Haka aka yi ta yi, duk wanda ya rasu a unguwa sai a ɗauki na Kaka, su biyun su koma rumfa. Daga nan al'adar ta samo asali, wadda tsohuwar Likoro ta tuna, domin bayan rasuwar Kaka ma ba su daina ba. Kawu Babba bai taɓa cewa sayar da fadamar daidai ba ne, Kawu kuma bai taɓa neman ya ce ba. Wayar da ake jira ta iso Makarfi bayan duk mun yi furfura, Kawu Babba ya ce da ya san za ta yi wannan jinkirin da ya ƙara wa rantsuwarsa tsawo. Shi ya fara tafiya. Ranar da aka tsaga nasa itatuwan, Kawu ya tura, ni na karɓa, har muka gama.

A makon jiya, da za a tsaga itatuwan Kawu, jikoki biyu suka tsaya a wannan teburi, ɗaya nasa, ɗaya na Kawu Babba. Moton ya tashi a bugun farko.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya haɗa shi da yayansa da mahaifiyarsu a inuwa ɗaya. Shi kuma Mai Yatsa, wanda ba mu san sunansa ba, mun shaida ya yi aikinsa da gaskiya.

Ga jikan da ya tambaye ni, amsata ita ce kada a taɓa tsohon allon, a manna sabon a gefensa. Kada kuma a rubuta ranar gwaji, domin a ranar zarton bai yanka komai ba. A rubuta ranar da aka samu mai karɓa: Alhamis ta ƙarshe a watan Sha'aban, shekara ta uku da samun mulkin kai.